Ranar da Ƙullin Kawu Ya Kwance

Ban taɓa ganin ƙwallon Kawu ta warware ba sai ranar. Yaran layi sun fara bugawa ke nan, ledoji suka tarwatse a ƙasa. Su dariya suka yi. Ni kuwa na waiga na ga hannun Kawu na dama a yashe kan cinyarsa, kamar ba nasa ba.

Kawu wan mahaifiyata ne, mai faci a bakin titi, kuma a hannunsa na tashi. Allah bai ba shi haihuwa ba. Idan tub ɗin taya ya mutu ba ya yarwa, sai ya yanka shi siriri-siriri. Ya cusa ledoji cikin tsohuwar safa, ya naɗe da ƙyallayen da tela ya share, ya ɗaure da robar tamau, ta zama ƙwallon yara. Ƙullin ƙarshe da haƙori yake jan sa. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada a buga kusa da kwalta.

Tunda na gama jami'a ban samu aiki ba, a rumfarsa nake wuni. Da safen ranar ya miƙo mini ƙwallon.

"Mai digiri, danne mini nan da yatsa."

Bai taɓa neman a danne masa ba. Na ce, "Kawu, tsufa ya zo ke nan?"

"Tsufan gidanku. Robar ce ta yi tauri."

Da na isa bencinsa bayan ƙwallon ta warware, bakinsa ya karkace. Yana ta son kiran sunana, harshen ya ƙi. Wani direba da ya kawo faci ne ya kai mu asibiti, ya bar tayar a rumfa ko iska ba a gama sa mata ba.

Yanzu Inna, matarsa, tana zaune a barandar asibiti rungume da takalmansa. Ni ko ƙarar waya na ji sai na zabura na duba. Jiya na je rufe rumfar, na tarar yaran sun tattara ledojin da robar sun zuba a bahon da yake gwada tub. Babbansu ya ce a ajiye masa. Na zauna na gwada ɗaurawa, ƙullin ya ƙi zama.

Likita ya ce ba zai iya cewa komai game da hannun ko maganar ba sai hoton kansa ya fito. Har yanzu bai fito ba.