Yadi da Mita a Bakin Teburin Baba

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin Talata aka sauke teburin a tsakar gidana. Mu uku ne a wurin: ni, da yayana, da Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda idonsa ya yi rauni, yana zaune kan tabarma.

Teburin na Baba ne. A kansa ya yi ta sayar da atamfa da shadda a kasuwar Illela har ya rasu. Yaya ne ya gaji shagon, ya kuma sayo sabon tebur na ƙarfe da gilashi.

"Ga itace na kawo miki," in ji Yaya. "Ki faskara ki yi tuwo."

"Teburin Baba za ni sa wuta, Yaya?"

"To mi za ki yi da shi? Ko mai tsire ya ƙi amsa tai."

Na ce ya ba ni zuwa Lahadi. Ya yi dariya, ya ce in Lahadi ta yi bai ga abin kirki ba, shi da kansa zai zo da gatari.

Karatuna bai wuce firamare ba, amma ba na aiki a hargitse. Wata maƙwabciyata da ta yi zama a Ƙwanni ta Nijar ta taɓa nuna mini yadda ake dama garin alli cikin fentin ruwa, ya kama tsohon katako ba tare da an kankare shi duka ba. Sai na tsara kwanakina. Laraba wanki: ruwan ɗumi, sabulu da soso, na fitar da daɗaɗɗiyar dauɗa. Alhamis gyara: na ɗaure ƙafar da ke rawa, na kwaɓa garin katako da gam, na toshe duk ramin da ƙwaro ya ci. A bakin teburin akwai wasu tsagogi kamar saran wuƙa, su ma na cike su, na shafe sumul. Juma'a shafi na farko, launin madara.

Da yammacin Juma'ar Baffa ya shigo. Na kama hannunsa na ɗora kan teburin don ya yaba. Ya bi bakin da yatsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya sake bi. Fuskarsa ta canza.

"Ke ɗiyar nan, mi kinka yi? Ina tsagogin?"

"Na cike su, Baffa. Ai lalacewa ce."

"Lalacewa! Kin rufe ma teburi baki."

Ban taɓa zaman shago ba, don haka ban sani ba. Baffa ya ce Baba bai riƙe tef na awo ba ko sau ɗaya. Tsaga ta farko a hagu, nan ake ɗora bakin ƙyalle. Ta gaba yadi ce, don mutanen Najeriya. Wadda ke bayanta da kamar yatsu biyar mita ce, don mutanen Nijar. Mai saye ya shigo, daga gaisuwarsa Baba ya san tsagar da zai kai hannunsa.

Ban tsaya jin kunya ba. Asabar da hantsi na zaunar da Baffa gefena, yana nuna wurin da yatsa, ni kuma ina tono da tsinin allurar buhu, a hankali, kada in ƙara ko in rage. Bayan azahar na yi shafi na biyu, ban bari fenti ya shiga tsagogin ba. Da ya bushe na goga sanfefa a gefuna har duhun katakon ya leƙo. Daga ƙarshe, na narkar da kakin zuma, na murza da tsumma har hannuna ya yi tsami.

Lahadi bayan la'asar Yaya ya zo, gatari a kafaɗa, don tsokana. Ya tsaya daga bakin ƙofa. Teburin na tsaye fes, tsagogin baƙaƙe a jikin fari.

"Wa ya kawo miki sabo?"

"Auna," in ji Baffa. "Kai mai tef."

Yaya ya zaro tef daga aljihu. Yadi cif. Ya ja gaba. Mita cif. Ya sake aunawa, kamar zai kama Baba da kuskure, bai samu ba. Baffa ya yi dariya har da tari.

"Gobe a maida shi shago," Yaya ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Na ce na yarda, bisa sharaɗi uku. Ba a ɗora masa kofin shayi. Ba a barinsa a rana. Gatarin kuma nan zai kwana. Duka ya karɓa.

Kai mai karatu, in akwai tsohon tebur ko akwati a gidanku da kake shirin yi wa fenti, ina roƙonka, kafin ka toshe ko tsaga ɗaya, ka kira wanda ya fi kowa tsufa a gidan, ka ɗora hannunsa a kai, ka tambaye shi ta mene ce.