Rabin Bulo a Abbaganaram

Ranar wata Talata da la'asar aka harbe mijina a ƙofar gidanmu. Malamin makaranta ne, dawowarsa daga aiki ke nan yana wanke ƙafa a bakin famfo. Ina kicin ina kaɗa miyar kuka na ji tsayawar mashin, sai harbi uku. Da na fito yana kwance rub da ciki, jini na bin ruwan famfo zuwa kwata. Matar mai gidan da muke haya, wata dattijuwa Babarbariya, ita ta cire mayafinta ta rufe shi, ta ƙanƙame ni tana cewa, "Kar ki duba, 'yata, kar ki duba."

Mu mutanen kudancin Borno ne, amma a Maiduguri muka yi aure, muka haifi 'ya'ya uku. Lokacin ni ce mai koyar da Maganar Allah a zumuntar mata ta cocinmu. A wurin jana'iza na miƙe gaban jama'a na ce na gafarta wa waɗanda suka kashe shi, kamar yadda Yesu ya gafarta mini. Fasto har ya ambace ni a wa'azi. Ba ƙarya na yi ba, haka na zaci zuciyata take.

Akwai wani tela a bakin layinmu, shi ke ɗinka mana ankon zumunta. Washegarin kisan ya rufe shago ya ɓace, unguwa kuwa ta ɗauka shi ya nuna gidanmu.

An fi shekara, na je unguwar Abbaganaram sayen busasshen kifi, ina dawowa sai na tarar da taro ya tare hanya. 'Yan gora, samarin da ke tsaron unguwa, sun kama wani mutum sun ɗaure hannuwansa ta baya. Suna ta jibgarsa, yana birgima a ƙasa, baki duk jini, haƙora biyu a zube. Ya ɗago kai, sai na ga telan nan ne. Shi ma ya gane ni.

"Malama!" ya ce. "Malama, ki gaya musu kin san ni!"

Ɗaya daga cikin samarin ya juyo. "Mama, kin san shi?"

Akwai rabin bulo kusa da ƙafata. Na ajiye ledar kifin, na ɗauki bulon da hannu biyu, na sauke wa telan a gefen kai. Har yau ina jin ƙarar. Taron ya yi ihu, samarin suka ja shi ta ƙafa suka jefa a bayan wata mota. Ban san ko ya rayu ba. Ban kuma taɓa samun wanda ya tabbatar mini shi ne ya nuna gidanmu ba.

Wata huɗu ban taka coci ba, na ce ƙafa ke damuna. Sai wata tsohuwa a zumuntarmu, wadda aka kashe wa 'ya'ya biyu a hanyar Khaddamari, ta zo ta zauna a tabarmata ta ƙi tafiya. Na gaya mata komai. Na zaci za ta buɗe mini aya, ko ta ce ai duk wanda aka yi wa haka zai rama.

"Kin yi zunubi," ta ce. "Babba ma. Tashi mu durƙusa."

Na ce, "Mama, ban iya addu'a ba yanzu."

"Ni zan yi. Ke dai ki faɗi abin da hannunki ya yi da bakinki, kar ki rage."

Na faɗa. Ta yi addu'a da yarenmu, ta roƙa mini jinƙai, sannan ta roƙa wa telan, in yana da rai, da uwarsa in ya mutu. Nan na kasa cewa amin. Ta jira ni, gwiwoyinta a kan siminti, har yarana suka dawo daga makaranta suka same mu a haka.