Ordinatar ɗin malamar Bana

Shekarata ta uku ina gyaran ordinatar, wato kwamfuta, a Gaya, a wani ɗan shago kan hanyar gada, wata malamar lakkwal, makarantar boko, ta zo daga garin Bana da nata a naɗe cikin zane. Ta girme ni sosai. Ta zauna a benci, ta ce tun ranar da kuran, wato lantarki, ya ɗauke tana cikin sabunta sistam, in ta kunna sai baƙin allo da ƴan layukan fararen rubutu. Ta kai shi Malanville, an ce sai an goge komai.

"Ɗana, ba zan yarda a goge ba," in ji ta. "Muryar mahaifina na ciki. Kafin ya rasu na ɗauke shi yana faɗin tarihin gidanmu da Dendanci."

Na kunna, na karanta layukan. Na san wannan ciwon. Akwai ɗan shirin da ke fara tashi, shi ke nuna wa na'ura inda sistam yake. Shi ne ya rikice, yana lalube a wani sashen diski da babu komai.

Na ce, "Inna, kayanki na nan. Hanya ce ta ɓace masa."

Ba ta gamsu ba, na gani a fuskarta. Na sa kilena na USB mai ɗauke da sistam, na tada na'urar daga kansa, na buɗe diskinta. Na juyo mata allon, ta ga sunayen fayilolinta a jere. Ta dafe ƙirji ta ce alhamdu lillahi.

Na fara kwashe muryoyin zuwa wani kile kafin na taɓa komai. Sannan na sake girka shirin tashin, na gyara masa lambar sashen. Kunnawar farko ya ƙi, don na manta ban maida jerin tashi yadda yake ba. Na shiga na gyara, na sake dannawa. Hoton ɗalibanta ya cika allo.

Ta hana ni rufewa. Ta ciro biro da takarda, ta ce in maimaita mata abin da na yi tun daga farko, a hankali, don akwai wasu malamai a Bana masu irin wannan na'ura. Muna kai har aka kira la'asar, tana tambaya tana rubutawa.