Goron Raƙumin Baba Ɗan'ige

Labarin da na rubuta a shafina na jarida shi ya ja mini wannan tafiya. Na ce a Goronyo akwai raƙumin wani manomin albasa, Baba Ɗan'ige, wanda ba ya tashi da kaya sai ya ci goro. Wasiƙun masu karatu suka yi ta zuwa, wasu na dariya, wasu na cewa na shara ta. Wadda ta fi zafi ta Malam Bello ce, tsohon malamin makaranta a Rabah. Edita ya ce in kawo shaida, ko a rufe shafin.

Rabah

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar Sakkwato a motar haya, bakwai saura muka shiga Rabah. Malam Bello na jirana a tasha da sandarsa.

"Kai na mai raƙumin? Yaro, raƙumi ƙaya shika ci. Mu tai in gani da idona."

Wurno

Kafin Wurno aka tsayar da mu a shingen jami'an tsaro sau biyu. Mun karya da fura a bakin tasha, Malam yana ta gyara mini Hausar jarida. Tun a nan na ji tsohon ya shiga raina.

Goronyo

Sha ɗaya da kwata muka sauka, babur ya kai mu fadama a ƙasan madatsar ruwa. Ɗan Baba Ɗan'ige, Sani, magidanci ne, shi ya tarbe mu.

"Baba ya rasu bayan salla," in ji shi. "Tun ran nan raƙumin bai karɓi goro ga kowa ba."

Muka yi ta'aziyya. Raƙumin na durƙushe a gefe, na miƙa masa goro guda fari tas, ya kau da kai. Na sake, ya yi mini kallon banza. Shafina ya tafi ke nan.

Malam bai ko dubi raƙumin ba. Ya zauna kan buhun albasa, ya ciro nasa goron, ya ɓare shi biyu kamar yadda dattawa ke yi, ya gutsuri ɓari, ɗayan yana tafin hannunsa. Sai ga dogon wuya ta bisa kafaɗarsa. Raƙumi ya ɗauke ɓarin, ya tauna, ya yunƙura ya miƙe.

Sani ya share ido. "Haka Baba ka yi mai. Shi ci rabi, shi ba shi rabi. Mu duk guda muka ba shi."

"To mi kuka so?" in ji Malam. "Wa ka cin goro shi ɗai, in ba marowaci ba?"

Komawa

A mota Malam ya karɓi alƙalamina ya rubuta wa edita layi biyu: labarin gaskiya ne, amma marubucin ya manta rabin goron.

Da magariba na iso gida lafiya, alhamdu lillahi. Na gode wa Sani da Malam Bello. Allah ya jiƙan Baba Ɗan'ige. Malam kuwa ya ce kowace ranar kasuwar Goronyo zai koma, don ya yi abokin cin goro.