Kofin Zamzam da Na Miƙa wa Yaya Issahaku

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 16 ga Yuli, 2024, bayan Azahar, Allah Ya karɓi ran Alhaji Issahaku, dillalin doya na Salaga, aminina na shekara talatin da ɗaya.

Yaya, a kasuwar Yendi muka haɗu, ranar da motar albasata daga Bawku ta lalace. Ba ka san ni ba, amma ka sa aka kwashe buhunana zuwa rumfarka, ka kuma yi mini dariya cewa mutumin Bawku ko kuka zai yi sai ya ɗora wa albasa laifi. Tun ranar nake kiranka Yaya. Duk shekara, doyar farko da ta shiga gidana taka ce.

Da aka gama yi maka gashin cutar daji a maƙogwaro, ciwon ya tafi, amma haɗiya ta gagara. Kai da kake haɗiye malmalar sakwara ba tauna, ka koma cokali. Sau biyu aka buɗa maka maƙogwaro a asibiti. Kullum kana motsa harshe yadda aka koya maka, kana sunkuyar da haɓa kafin ka haɗiye. Likita ya ce ruwa tsarara ne babban haɗari, don yana zarcewa huhu. Sai an kaɗa masa wani gari ya yi kauri kamar koko. Wata bakwai matarka, Hajiya Sahadatu, ba ta yi sake ba ko sau ɗaya. Har ka fara ƙiba.

Sai ni na dawo daga Makka da Zamzam. Na cika kofi na miƙa maka. Hajiya ta ce, "Alaji Razak, dokta ya hana. Bari in sa garin a ciki." Na ce mata wa ya taɓa kaɗa gari a Zamzam? Na faɗa da ƙarfi, a gaban baƙi. Ka dube ta, ka dube ni, ka karɓa don kada in ji kunya. Ka ƙware, ka yi ta tari, kana ɗaga mini hannu wai ba komai. Bayan kwana uku zazzaɓi ya kama ka, aka ce ruwa ya shiga huhu.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun gaya mini. Zamzam ba shi da laifi. Taurin kaina ne, kuma ina jin nauyinsa.

Allah Ya gafarta maka, Ya shayar da kai daga Alkausara. Ina ta'aziyya ga 'ya'yanka, Mutawakilu da Damata, da jama'ar Salaga. Hajiya Sahadatu, ki yafe mini. Ranar jana'iza ke kika miƙo mini sauran ruwan, kika ce in yayyafa a likkafaninsa da hannuna.