Ranar da Takalman Clive Dunkley Suka Yi Fari

A kasuwar Northampton, bayan layin masu sayar da kifi, akwai wani ɗan shago inda Clive Dunkley yake gyaran takalma da sirdi da linzami. Shekararsa sittin da uku, dogo ne, kafaɗa a miƙe har gobe kamar an sa masa katako a cikin riga. Kowa a garin ya san ya yi shekara tara a rundunar dawakan da ke gadin sarauniya a Landan, amma ba daga bakinsa aka ji ba. Sauran tsofaffin sojoji, ka saya musu kofin giya ɗaya su cika ka da labari har kunnenka ya yi zafi. Shi kuwa in ka tambaye shi, sai ya ce ai aikin kwasar kashin doki ne kawai, ya tambaye ka yaushe za ka dawo karɓar takalminka. Mutane suna ɗauka tawali'u ne. Kunya ce ke cinsa, kuma kunyar yini ɗaya ce tak a cikin shekara taran nan.

Ubansa, Arnold Dunkley, shekara arba'in da ɗaya ya yi a kamfanin takalma, a ɗakin ƙarshe inda ake goge takalmi kafin a sa shi a kwali. Mutum ne mai wuyar sha'ani. Ba ya zagi, ba ya duka, yabo kuwa sai dai a ji a gidan maƙwabta. In an kawo masa baƙo, ƙafarsa yake fara dubawa kafin fuskarsa, daga nan ya gama yanke masa hukunci. Abin da aka fi saninsa da shi a unguwa shi ne ba ya ƙarya, ko ta wasa. Matarsa ma in ta yi sabon gyaran gashi ba ta tambayarsa ko ya yi kyau, don ta san amsar da za ta samu.

Clive ya tashi a gidan nan yana neman kalmar yabo ɗaya daga bakin tsohon, bai samu ba. Yana shekara goma sha takwas ya shiga soja, ya zaɓi dawaki, alhali ko jaki bai taɓa hawa ba. Ya sha faɗuwa har ya daina ƙirgawa. Da ya koyi hawa sai ya tarar hawan ne ma mai sauƙi, wahalar tana wajen goge kaya: kwalkwali, sulke, takobi, linzami, sannan uwa uba dogayen takalman nan da suke wuce gwiwa. Sai an narka musu kakin zuma ya shiga fata, a bi da man takalmi shafi bisa shafi, da tsumma da ɗigon ruwa, yatsa na zagayawa har ya mutu. Kwana uku mutum zai yi a kan ƙafa biyu, doki ya goge su da wani dokin sau ɗaya a fareti, kakin ya tsattsage, a koma farko.

Duk wannan wahala dalilinta ɗaya. Kafin a fita gadi ana duba kowa daga sama har ƙasa, a jera su bisa tsabta. Huɗun farko su ne za su zauna bisa doki a 'yan rumfunan dutse na bakin ƙofar da ake gadi, waɗanda sojoji ke kira akwati, duniya na ɗaukar hotonsu. Sauran kuwa a ƙasa za su yini tsaye, takalman na cin ƙafarsu. Clive ya shiga akwati sau biyu a shekararsa ta farko, sai ya rubuta wa gida wasiƙa yana cika baki kamar kullum a can yake kwana.

Wasiƙar ce ta jawo masa. Arnold, wanda bai taɓa taka Landan ba, ya aiko da amsa layi biyu: zai shigo jirgin ƙasa na safe ranar Alhamis ta sama, ya ga takalman da idonsa. Clive ya karanta ya sake karantawa. Ranar yana cikin masu gadi, kuma dole ya fito cikin huɗun farko, in ba haka ba tsohon zai zo ya tarar da shi tsaye a lungu kamar sandar fitila.

Ran Talata kakin takalminsa na hagu ya tsage a fareti. Da ya zauna a kai Talata da Laraba, da ya gyaru. Amma a lokacin ne ya haɗu da Marion, wadda take matarsa yanzu, kuma Laraba ce ranar hutunta. Ya ce awa ɗaya zai yi wajenta ya dawo. Kowa ya san awa ɗayan saurayi. Ya dawo bariki ya duba takalmin ya ga ba yadda za a yi ya kammalu.

A ɗakin ajiyar tsintsiya akwai wani ruwan goge daɓe da ake shafa wa baranda don ta yi ƙyalli. Ba sojan da bai san sirrinsa ba: ka shafa shi a takalmi da auduga, cikin minti goma ya fi aikin kwana uku sheƙi. Ba kuma wanda bai san aibinsa ba, wato ba ya shiri da ruwa. Da safiyar Alhamis Clive ya leƙa taga ya ga sama fes, ko gajimare babu. Ya shafa wa ƙafar hagu, ya ga ta fi ta dama haske, sai ya shafa wa ta daman ma.

Shi ya zo na ɗaya. Kofur Maddox, mai kula da su, har ya ɗaga gira. Abokin ɗakinsa Pritchard, wanda ya kwana uku yana gugar nasa da hannu, ya sauko na biyar, wato tsayuwar ƙasa. Da suka zo hawa Pritchard ya matso ya shinshina, ya ce a hankali, "Kai mutumina, ƙamshin baranda nake ji a ƙafarka. Ka yi addu'a Landan ta manta halinta yau."

Landan ba ta manta ba. Ƙarfe ɗaya Clive ya shiga akwati bisa baƙin dokinsa, takobi a kafaɗa, ido na kallon gaba. Ta gefen ido ya hango ubansa cikin 'yan kallo, sanye da kwat ɗin da yake zuwa biki da jana'iza da ita. Tsohon ya matso, ya sunkuya ya dubi takalman, ya daɗe yana duba, sannan ya gyaɗa kai sau ɗaya. Clive ya ji kamar ya yi kuka don daɗi. Bai fi minti goma ba iska ta taso, ruwa ya sauko a karkace yana shigowa har cikin rumfar. Da yake gari garau yake lokacin da aka fito, ba a ba su dogayen rigunan ruwa da ke rufe ƙafa ba.

Mai gadi ba ya motsi, ba ya magana, ba ya duban ƙasa. Don haka a fuskokin mutane Clive ya ga abin da ke faruwa. Wata mata ta nuna ƙafarsa tana rufe baki, wasu samari suka fashe da dariya suka ɗaga kyamara. Takalman sun yi fari fat, dabbare-dabbare, kamar an zuba musu madara.

Arnold ya ciro hankici ya goga a ƙafar da ke kusa da shi, ya kai hanci. Mutumin da ya yi shekara da shekaru a ɗakin goge takalma ba sai an yi masa bayani ba. Ya mayar da hankicin aljihu. Clive ya jira ya ga ya juya ya tafi tasha, kuma da hakan ya yi da ya fi sauƙi. Sai tsohon ya juya wa dokin baya, ya tsaya daf da likkafa, ya buɗe kwat ɗinsa ya rufe takalmin daga idon jama'a. Ƙafa ɗaya kawai ya iya rufewa, ɗayar tana can ana ta ɗaukarta hoto. Haka ya tsaya cikin ruwa ba lema har awar ta cika, Clive na kallon furfurar ƙeyarsa tana ɗiga, yana fata ƙasa ta tsage ta haɗiye shi har da dokin.

Kofur Maddox ya wanke shi tas a gaban kowa, aka hana shi fita bariki kwana bakwai, aka sa ya kankare takalman har fata ya sake ginawa. Abokan aiki suka laƙaba masa suna Madara, sunan ya bi shi har ya bar aiki. Ya ba Pritchard haƙuri, Pritchard ya ce ai dariyar da ya sha ta biya shi tsayuwar. Daga ranar Clive bai ƙara yin ha'inci a aiki ba, ya shiga akwati ba adadi da guminsa, amma ubansa bai sake zuwa Landan ba.

Bayan wata biyu ya je gida hutu. Arnold bai tayar da zancen takalman ba. Ran Lahadi da rana ya tafi da shi kulob ɗin ma'aikata, inda abokan aikinsa ke haɗuwa kafin abinci. Suna zama wani tsoho mai suna Cyril, wanda suka yi aiki da Arnold a benci ɗaya tun suna samari, ya dafa kafaɗar Clive.

"To ɗan Arnold, mun sha labari. Ubanka ya ce fuskarsa ya gani a takalminka, wai duk kamfaninmu ba mai hannun da zai yi irinsa. Ka san shi da rowar yabo. Gaskiya ne?"

Clive ya dubi ubansa. Tsohon ya ƙura wa kofinsa ido, kunnuwansa sun yi ja wur. Mutum shida a teburin suna jiran amsa.

Clive ya ce, "Gaskiya ne, Baba Cyril."

Aka yi ta murna, aka ƙara masa kofi, ya sha kamar magani. Suka kama hanya har suka iso ƙofar gida suna jin ƙamshin gasasshen naman Lahadi. Arnold ya sa hannu a ƙofa, bai buɗe ba. Bai kuma dubi ɗansa ba.

Ya ce, "Kada ka gaya wa uwarka, yaro. Ita ma haka na gaya mata."