Bar Shi a Karkace

A wani kamfanin sabulu, kowa ya san halin akantarsu: ba ta tashi daga kujera sai lissafin shiga da na fita sun daidaita. Halin nan ya sa manaja ke ji da ita, shi ne kuma ya kayar da ita a jarrabawar ƙwararrun akantoci. Tambayar farko ta ƙi daidaita, ta kafe tana neman kuskuren, har aka ce a ajiye biro, sauran shafuka fari fat.

Ta sha kukanta, ta wanke fuska, ta baje tsofaffin tambayoyi a teburin falo. Yayarta ta kama aikin gadi. Da agogon waya ya buga sai ta fizge takardar, ko da ana tsakiyar layi.

"Yaya, don Allah, saura ƙiris in gano shi."

"Bar shi a karkace, wuce gaba. Ba da tambayar aka ɗaura miki aure ba."

Haka suka yi ta fama wata da watanni, har hannunta ya koyi juya shafi ko zuciya na ƙuna.

Ta sake zama jarrabawar. Ranar da sakamako ya fito, ta duba waya ta daka tsalle har kujera ta kife. Ta ci! Yayar ta fito daga kicin tana rawa da ludayi a hannu. Ana cikin murna akantar ta tsaya cak.

"Amma Yaya, tambaya ta uku fa har yau ba ta daidaita ba."

Yayar ta fizge wayar.